Mayen Ƙarfe a Ɗakin Amarya

In ka shiga Sharada ka tambayi gidan Malam Ashafa, sai a tsaya ana kallon juna. Amma ka ce gidan Injiniya, ko baƙon da ya sauka jiya zai nuna maka da baki. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, ya rangaɗa shi da jan fenti a saman ƙofar zaurensa, inda ya kafa teburi da guduma da filaya da tarkacen da shi kaɗai ya san amfaninsu. Aikinsa na asali a wani kamfanin fata da ke Challawa shi ne ɗura wa injina mai, ya goge su da tsumma. Amma in ka ji shi yana zuba a dakalin ƙofar gida bayan la'asar, sai ka rantse waɗanda suka ƙera injinan ma sai da suka aiko aka tambaye shi.

Abu biyu yake tinƙaho da su fiye da komai. Na farko, sarƙar gwal da ya saya wa matarsa Rakiya shekarar da ta haifi 'yarsu ta fari, Mubina. Wannan kam ba ƙarya, gwal ne na gaske, kuma sai da ya yi gumi kafin ya saye ta. Na biyu, lokacin da aka rufe kamfanin fatar ya zauna damina biyu ba aiki, ba a taɓa rasa ɗora tukunya a gidansa ba.

"Lissafi ne," in ji shi, yana ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa. "Wasu da ƙarfi suke neman abinci, mu da nan muke nema."

Rakiya in ta jiyo wannan daga tsakar gida, sai ta ci gaba da tankaɗenta. Ita ta san lissafin. Tun a daminar farko ta ƙulle sarƙar a gefen zane ta kai kasuwa ta sayar, ta sayo wata mai kama da ita sak a wurin masu kayan ƙyale-ƙyale, abin da ya rage ta riƙa tsakura tana sayen masara da daddawa da man ja. Ɗan abin da Malam yake samowa a buga-buga ya ajiye mata na cefane, ko itace ba ya saye, amma kullum yana ganin tuwo a gabansa, sai ya ɗauka albarkar hannunsa ce. Sarƙa dai tata ce, ba mai tuhumarta don ta sayar da kayanta. Abin da take tsoro shi ne ranar da zai sani. Bawan Allahn nan ba shi da gona, ba shi da mota, ba shi da komai sai labaran nan guda biyu, kuma ta san in ɗaya ya faɗi sai ya ja ɗan'uwansa. Tana son mijinta, da surutunsa da komai, ba ta son ganin wannan ranar.

Aka kwashe shekaru lafiya lau. Malam ya samu wani aikin a kamfanin roba, Mubina ta girma, har aka sa ranarta da wani yaron kirki mai suna Abdulbaƙi, direban wani kamfani, wanda ya lallaɓa ya gina ɗaki biyu a Zawaciki. Ana cikin shirin biki Muntari ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya turo masifa a kura, ya ajiye a ƙofar zaure.

"Injiniya, ga wani abu ya fi ƙarfina," in ji Muntari. "A cikin wani injin niƙa muka ciro su, a Bompai, wurin da ake kwance kaya. Wai su suke tsame ƙusa daga cikin hatsi. Ni dai sun cinye min sikeli, sun hana ni sakat."

Wasu 'yan guntaye ne masu sheƙi kamar azurfa, kowanne bai fi kwalin ashana ba, an raba tsakaninsu da katako. Malam ya gyara hula.

"Mayen ƙarfe ne. Amma ba irin baƙin nan na cikin lasifika da ake wasa da shi ba. Wannan daga wata irin ƙasa ake tace shi, wadda ba ko'ina Allah ya ajiye ta ba. Na daɗe ina aiki da irinsa."

"To a dai yi hankali, yana cizo."

"Ni zai ciza?"

Ya zare katakon da ke tsakanin guda biyu. Suka yi tsalle suka haɗe, ƙas! da fatar yatsansa a tsakiya. Malam bai yi ihu ba. Ya dai miƙe tsaye, ya zaga zauren, ya leƙa waje kamar mai jiran baƙo, ya dawo ya zauna, hawaye yana bin gemunsa.

"Na gaske ne," ya ce. "Gwadawa na yi."

Da rana Rakiya ta kawo masa abinci a kwanon samira. Tana ajiyewa a teburi, murfin ya zame ya tafi da kansa ya manne a jikin ɗaya daga cikin guntayen. Malam ya ƙura wa murfin ido. Rakiya ta san wannan kallon.

"Kafintan nan da kika yi wa maganar kabad ɗin jeren Mubina," ya ce, "ki ce masa ya bari."

"Ya bari? A ina za a jera kwanukan yarinyar nan, a ka?"

"A bango. Zan dasa waɗannan a jikin bangon ɗakinta, in rufe da falanki. Kwano kawai za a kai kusa, ya zauna daram. Ba kanta, ba ƙusa, ba kabad. A wannan zamanin da mutum yake magana da Legas da waya a aljihu, a ce 'yar Injiniya tana jere kamar na kakarta?"

"Malam, jere fa aikin mata ne."

"Ai shi ya sa har yau bai ci gaba ba."

Rakiya ta ce ba da ita ba, ta ɗauki tirenta ta shige. Shi kuwa ya ce zai fara gwaji a gida tukuna, don injiniyan kirki ba ya kai wa jama'a abin da bai jarraba ba.

Kafin sati ya zagayo zauren ya zama abin da ya zama. Guduma da filaya da ƙusoshi duk sun dunƙule wuri guda, in yana son ɗaya sai ya taka sauran da ƙafa ya ja. Agogon hannunsa ya tsaya cak, ya ce daman ya tsufa. Yatsunsa kuwa ɗaɗɗaure da tsumma, da cokali yake cin tuwo, cokalin ma na roba. Daga nan ya ce awaki suna damunsa da shigowa, ya manna wasu guntayen a bakin ƙyauren zaure, na ƙarfe, don ya riƙa rufe kansa da kansa. Ya kuwa rufe. Ƙarar da ya yi sai da tantabarun maƙwabta suka tashi. Matsalar kawai ita ce bai sake buɗuwa ba, gidan kuma ba shi da wata ƙofa.

Rakiya ta fito da mayafinta za ta kai ɗinki.

"Malam, buɗe min in wuce."

"A buɗe take."

"To ni ban ga hanya ba."

"Ai ba kulle ta aka yi ba, riƙe ta aka yi. Akwai bambanci."

"Ta wane gefen bambancin zan fita?"

Sai da aka yi gayya. Mazan unguwa suna turawa daga waje, Malam yana ɓanɓara da taɓarya daga ciki, yana ba da umarnin da ba mai ji. Dab da azahar ƙyauren ya saki, taɓaryar ta tsage gida biyu, mutane suka zubo cikin zauren a kan juna. Malam ya tsaya a kansu yana haki.

"Kun gani da idonku. Wane ɓarawo ne zai shiga gidan nan?"

"Ai mai gidan ma bai fita ba," in ji wani daga ƙasa.

Duk wannan bai tayar wa Rakiya da hankali ba, ta saba. Abin da ya tayar mata da hankali ya zo ne ranar da ƙanwarta Atika ta iso daga Kumbotso don aikin biki. Atika ta tsaya a zaure gaida mijin yayarta, ta sunkuya tana leƙen abin da yake yi, sai ɗankunnenta ya fizge daga kunne ya faɗa kan teburi ya manne.

"Wayyo kunnena! Injiniya, ba ni abina, gwal ne fa! Maigidana ya sayo min."

"Gwal?" Malam ya yi murmushi irin na mai tausayi. "Atika, mayen ƙarfe ba ya taɓa gwal. Wannan ƙarfen gwangwani ne aka shafa wa ruwa."

"Ƙarya kake, wallahi!"

Ana cikin haka sai ga Alhaji Garba mai gidan kallon ƙwallo ya faɗo zauren yana huci. Kwanaki ya kawo talabijin a duba masa sauti, ta kwana a teburin Malam. Yanzu sauti ya gyaru, amma filin ƙwallo ya koma ruwan hoda, 'yan wasa kuma fuskokinsu kore shar.

"Ashafa, me ka yi wa talabijin ɗina? Jiya yara har jifa suka yi, wai ba su san wa yake buga wa wa ba!"

"Kala na ƙara maka, Alhaji. Ban ma ce ka ba da komai ba."

Alhaji ya wage baki zai zazzaga masa, haƙorin Makka ya bayyana yana walƙiya. Malam bai ɓata lokaci ba. Ya ɗauki guntu ɗaya ya kai bakin Alhaji, ya dangana a haƙorin, ya janye. Ko motsi.

"Kin gani?" ya ce wa Atika. "Wannan shi ne gwal. Alhaji, ci gaba."

Alhaji ya kasa ci gaba. Ya rufe bakinsa da hannu ya fita yana salati. Atika kuwa ta tsaya tana juya ɗankunnen a tafin hannu, daga gani akwai wanda zai yi bayani a Kumbotso. Malam ya ɗaga murya.

"Rakiya! Kawo sarƙarki a nuna wa ƙanwarki yadda gwal yake!"

Rakiya tana bayan ƙofar tsakar gida, ta ji komai.

"Tana ƙasan akwati, Malam, an jibga kayan biki a kai."

"A sauke."

"Hannuna da ƙullu."

"To bari, ba ta ɓaci ba. Akwai lokaci."

Daga ranar ta rasa sukuni. Duk inda ta juya a gidan akwai maye: a zaure, a bakin rijiya, har a madafi ya liƙa ɗaya wai don wuƙa. Ba za ta iya cewa sarƙa ta ɓace ba, don Malam sai ya tara unguwa a yi bincike. Ba za ta iya ƙin sawa ranar biki ba, don duk dangi sun san ta, sai an tambaya. Ta yi ta juya abin, har ta hango mafita guda ɗaya. Uwar amarya ba ta zuwa jere, tana gida tana karɓar 'yan wuni. In mayun nan suka koma Zawaciki, ita tana Sharada, shi ke nan ba abin da ya haɗa su.

Ta same shi a zaure da safe.

"Malam, maganar bangon nan. Duka za ka kai can?"

"Ai aikin yana cin kaya."

"Har da na madafi? Har da na ƙofa?"

"Ko ɗaya ba zan bari ba."

"To Allah ya ba da sa'a. Zan gaya wa kafinta."

Malam ya dube ta da jin daɗi, ya ce daman ya san wata rana za ta waye. Ita kuwa ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado, ta ji kunyar kanta. Ta sayar da kabad ɗin 'yarta don ta rufa wa uban asiri, kuma ta san haka ta yi.

Ana jibi jere ya ɗora kayansa a kurar Muntari suka tafi Zawaciki. Ango Abdulbaƙi, da yake yaro ne mai kunya, ba ya iya haɗa ido da surukinsa balle ya ce a'a, sai ya miƙa mukulli ya ɓace. Malam ya wuni yana buge-buge. Ya dawo da sabon ɗauri a yatsa, ya ce ko a Turai ba a taɓa yin irin wannan ɗakin ba, wanda kuma gaskiya ne.

Ranar jere Atika ta jagoranci gwaggwanni da ƙawaye, aka loda kaya a mota aka tafi. Rakiya ta ci ado, ta ɗaura ɗankwali, ta sa sarƙarta, ta zauna cikin 'yan wuni ana ta barka da arziki. Rabon da ta yi numfashi mai daɗi irin na ranar har ta manta. Ba ta ma lura Malam ba ya dakali ba, sai da wata maƙwabciya ta shigo da gudu ta miƙo mata waya.

"Yaya, ki zo," muryar Atika ce, bayanta ana ta ƙarar kwanuka kamar a maƙera. "Mijinki yana ɗakin amarya."

"Wane miji? Wane ɗaki?"

"Miji nawa gare ki? Ga shi nan a kan kujera yana koya mana jere. Dangin ango sun cika gidan. Ya fasa tangaran ɗin gwaggon ango, ita kuma ta maƙale."

"Ta maƙale a ina?"

"Ke dai ki zo!"

Uban amarya a ɗakin 'yarsa ranar jere, cikin mata, a gaban surukai! Kai jama'a. Rakiya ba ta san lokacin da ta figi mayafi ta tare a-daidaita-sahu ba. Sai da suka bar kamfanonin Sharada a baya, iska tana dukanta, ta kai hannu wuya ta ji abin da ta fito da shi. Ta yi salati a hankali. Ta tura sarƙar cikin riga, ta yafa mayafi a kai, ta ce a ranta ai daga bakin ƙofa za ta tsaya ta kira shi.

Tun daga soro take jin muryarsa. Tsakar gidan cike da mata, wasu suna dariya a cikin mayafi, wasu sun haɗe rai. Ta kutsa ta leƙa ɗakin.

Bangon dai ya yi aiki, ba za a ce bai yi ba. Kwanukan samira sun manne, sai dai ba inda aka so ba. Wani a kife, wani a karkace, wani ya hau kan ɗan'uwansa, fentinsu ya ɓanɓare saboda ƙarfin da suka daki falankin. Wata gwaggo ta kafa ƙafa a bango tana jan fanteka da hannu biyu, fantekar ko gezau. Cokula da wuƙaƙe da almakashi sun taru a kusurwa ɗaya. Fanka mai tsayuwa ta jingina da bangon kamar mai jin gulma. A ƙasa kuwa ga tukwanen silba da kulolin roba a zube, waɗanda bangon ya ƙi karɓa, ga kuma fasassun tangaran.

Hajiya Mairama, gwaggon ango, babbar mace mai jiki da faɗa a ji, tana tsaye a rankwafe. Tarin mukullanta da ta ƙulle a gefen mayafi sun manne can ƙasa-ƙasa, sun ja mayafin sun ɗaure ta. Ba ta iya miƙewa, ba ta kuma iya yar da mayafi ga namiji a ɗaki.

"Hajiya, ku yi haƙuri," Malam yake cewa daga kan kujera. "Tangaran ɗin ne bai dace da tsarin ba."

"Kai ka sake shi a iska! Ina kallonka!"

"Gwaji ne. Yanzu ai mun san ba ya zama."

"Daga Makka na zo da shi, bawan Allah! Wannan wane irin gida muka nemo aure? A ce bango yana kama mutane?"

"Ba ya kama mutane, ƙarfe yake kamawa. Da mukullanku na gwal ne da kuna zaune lafiya." Ya waiga, idonsa ya faɗa kan matarsa, fuskarsa ta washe. "Yauwa! Allah ya kawo ki. Rakiya, shigo ki nuna wa su Hajiya. Jama'a, ku matsa mata. Za ku ga sarƙar da na saya tun ana haihuwar amaryar nan, ko kallonta bangon ba zai yi ba."

"Malam, sauko mu tafi gida."

"Yanzu kuwa, shigo dai."

"Malam, don girman Allah ka sauko."

"Ke ce uwar yarinyar?" in ji Hajiya Mairama daga rankwafe. "To wallahi in ba a cire ni daga nan ba, ku kwashe kwanukanku ku koma da su inda kuka fito. Bayana zai ɓalle!"

Nan fa Rakiya ta ga auren 'yarta yana lilo. Ta cire takalmi ta shiga. Ta dafe ƙirji da hannu ɗaya, ta durƙusa gefen Hajiya tana ba da haƙuri, ta kama mukullan da ɗaya hannun ta ja. Ko alama. Ta sake ja. Hajiya tana nishi tana kiran sunan Allah. Rakiya ta saki ƙirjinta, ta sa hannu biyu, ta sunkuya sosai.

Sarƙar ta zamo daga wuyan riga, ta yi lilo sau ɗaya, ta tafi. Ƙas!

Kuncin Rakiya ya daki falanki, kusa da wani murfin samira. Ta so ɗagowa, sarƙar ta riƙe ta a wuya. Gwaggon da take jan fanteka ta sauke ƙafarta a hankali. Atika ta kai hannu ta shafa kunnenta.

Malam ya sauko daga kujera. Ya zo ya duba. Ya ja sarƙar da yatsu biyu, ya saki, ta koma ta manne.

"Ba zai yiwu ba," ya ce. Ya sake ja, ta sake komawa. Sai jijiyar wuyansa ta tashi. "An cuce ni! Jama'a ku shaida, an cuce ni! Tsohon nan maƙerin gwal, da furfurarsa da carbinsa, ya dube ni ya rantse! Yana nan da ransa, na san shagonsa. Wallahi yau sai ya kwana a hannun hukuma. Ina takalmina?"

Ya nufi ƙofa, mata suna darewa. Rakiya ta san zai aikata. Zai je ya tara wa dattijo kasuwa, ya ci masa mutunci a kan laifin da bai yi ba. Ta rufe ido.

"Malam, dawo."

"Bari in je in dawo!"

"Ba wanda ya cuce ka. Abin da ka saya gwal ne."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.

"To ina yake?"

"Ka cinye."

"Na me?"

"Lokacin da aka rufe kamfani. Da ni da kai da yara muka ci. Amma kai ka fi kowa loma."

Ba wanda ya yi dariya. Atika ce ta fara juyawa ta fita, sauran mata suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, har da masu leƙe ta taga. Hajiya Mairama ba ta da halin fita, sai ta juya fuskarta ga bango ta shiga karanta rubutun da ke gindin wani kwano.

Malam ya dawo ya tsuguna kusa da matarsa. Rakiya tana ganinsa ta gefen ido. Wannan fuskar ce ta yi shekaru tana gudu, ga ta kuma ta zo, kuma ta fi yadda ta zata ciwo.

"Duk damina biyun?" ya tambaya, muryar can ƙasa.

"Har da ranin da ke tsakani."

"Abin da nake kawowa fa?"

"Yana sayen gishiri."

Ya dubi yatsunsa masu ɗauri kamar yau ya fara ganinsu.

"Kina ji na ina faɗa wa mutane."

"Ina jin ka."

"Ba ki taɓa cewa komai ba."

"Kana jin daɗin faɗa, Malam."

Ya share ido da hannun riga, ya ja hanci. Sai kuma ya ɗago da sauri, tsohon halin ya motsa.

"Kada ki damu. Yanzu zan cire ki. Zan samo wani ƙarfe mai tsawo, in sa dutse a ƙarƙashi, in Hajiya ta danna ta can..."

"Hajiya ba za ta danna komai ba," in ji Hajiya Mairama, ba tare da ta juyo ba. "Bawan Allah, sarƙa tana da maɗauri a bayan wuya. Kwance mata. In ka gama ka fita waje in kwance nawa ƙullin, sannan ka nemo kafinta kafin magariba. Yarinyar da ta fito daga hannun wannan matar, ko a ƙasa aka jera mata kwano muna so."

Malam ya kai hannu bayan wuyan Rakiya. Yatsun ba sa lanƙwasuwa, sai da ya daɗe yana fama. Ba ta ce ya yi sauri ba. Da maɗaurin ya buɗe ta miƙe a hankali tana murza kumatu, sarƙar ta zauna abinta a jikin bango.

Ya riga ta fita. A bakin ƙofa, mata cike da tsakar gida suna kallo, ya sunkuya ya juyo mata takalmanta ya ajiye a gabanta. Ta sa, suka ratsa mutane suka fice. Sai da suka kai bakin titi suna jiran abin hawa ya yi gyaran murya.

"Rakiya."

"Na'am."

"Miyar lokacin nan kuwa ta yi daɗi."

Ta gyara mayafi ta rufe wuyanta.

"Dole ta yi, Malam," ta ce. "Tsada gare ta."